Ƙwallon Gwanda da Ɗan Mai Gishiri

Jikana ya manta takalminsa na fata a tsakar gida, ruwan sama ya kwana yana dukansa. Da na fito alwalar asuba sai na sunkuya na ɗauka don in jingine masa shi a bango, warin jiƙaƙƙiyar fata ya bugi hancina. Na tsaya cak da buta a hannu, kamar wanda aka kira sunansa daga nesa. Har na idar da salla na zauna a kan buzu hankalina bai dawo gida ba. Warin nan ya riga ya ɗauke ni ya kai ni wani fili mai ciyawa a bayan bariki, zamanin da jirgin ƙasa bai daɗe da fara ratsa Lafiya ba, lokacin da tsofaffin mata ke toshe kunne suna salati idan ya yi kuka. Ka yi haƙuri da ni, mai karatu, hirar tsoho ba ta tafiya a miƙe, amma zan kai ka inda za ni.

Gidanmu gidan Barebari ne, irin waɗanda kakanninsu suka taho daga gabas tun ba a san za a yi Turawa ba, suka zauna har harshensu na asali ya narke ya bar su da Hausa da kuma ji da kai. Kakana shi ne maigida. Dogo ne siriri, kullum tufafinsa na ƙamshin turaren wuta, kuma tunda nake da shi ban taɓa ganin ya yi gudu ba, ko da ruwa ya tsinke masa a hanya. A ganinsa mutumin kirki ba ya sauri, ba ya ɗaga murya, ba ya bari hularsa ta faɗi a gaban jama'a. Mahaifina kuwa malamin ofis ne a En'e, wato hukumar gargajiya, mai alƙalami a aljihu, wanda duk abin da ya fito daga bakin Bature da hannu biyu yake karɓarsa. Tsakanin mutanen nan biyu na tashi, ɗaya na ja na baya, ɗaya na ja na gaba. Ni kuwa abin da ya dame ni kawai shi ne la'asar ta yi in fita wasa.

A can ƙuryar gida, bayan rumbun kakata, akwai wani ƙaramin ɗakin jinka da wata mata 'yar Keana, garin masu dafa gishiri, ke ciki ita da ɗanta. Mijinta ya rasu, ta taho Lafiya da yaro a gaba da kwandon gishiri a ka. Idan rani ya yi matan danginta suka dafa gishiri, sai su aiko mata da rabonta, ita kuma ta kasa a kasuwa. A wancan zamani baƙo ba ya zama a gari haka kawai, sai yana da mai masaukin da zai tsaya masa. Kakana ne ya tsaya mata, shi ya nema mata inda take shimfiɗa tabarmarta a kasuwa. Shi kuma kakana a ƙarƙashin hakimin da ke riƙe da unguwarmu yake, kowace Juma'a sai ya je gaisuwa. Saboda haka zaman matar nan da ɗanta a gidanmu a kan yardar manya yake rataye, ranar da yardar ta tsinke kuma sai tafiya. Ko ina yaro na san haka, kuma babu abin da nake tsoro kamarsa.

Domin ɗan nata shi ne abokina, ban kuma sake yin irinsa ba. Sa'ana ne, gajere mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa duk kaushi. Hausarsa a karkace take, yakan ce wa mace "shi", wani lokaci har ya ce wa kakana "ke", gida ya kwashe da dariya shi ma ya taya mu. Akushi ɗaya muke ci. Tare muke zuwa rafi da damina idan ruwa ya yi ja ya cika har baki, tare muke hawa mangwaron mutane, tare ake zane mu. Idan uwarsa ta gasa doya ta zuba mana manja da ɗan gishirinta a kai, mukan zauna a bakin ƙofarta muna ci muna hura yatsu, hayaƙi na fita a hankali ta cikin jinka, kaji na kewaya mu suna jiran abin da zai faɗi. Duk lokacin da na ga mutanen Keana sun shigo da kwanduna sai in ce ko sun zo tafiya da shi ne. Sai na ga bayansu sannan abinci ke wuce mini.

Ƙwallon ƙafa tare da jirgi ya zo mana. Leburorin reluwe ne da akawunan kudu ke buga shi da yamma kusa da tasha, babu riga babu takalmi, suna ihu da harsuna iri-iri. Mu yara muka gani muka kwaikwaya. Tsumma muke dunƙulewa mu ɗaure da igiyar rama, ko mu roƙi mahauta mafitsarar sa mu hura, idan duk babu sai ɗanyen lemo ya sha wahala. A bayan kasuwa muke yi, bayan mata sun naɗe tabarmi, ƙasa na warin manja da busasshen kifi. Yaran Gwandara da suka rako iyayensu daga Kwandere da doya, da yaran Eggon, da 'ya'yan mahauta, da ni ɗan malamin ofis, duk a cakuɗe. Ba na tuna wa ya ci wa. Abin da nake tunawa shi ne rana tana sauka ja wur a bayan giginyu, jemagu na fitowa daga rimi, inuwarmu ta yi tsawo a ƙasa, abokina kuma yana gabana yana kiran in ba shi, in ba shi. Har yau idan barcin rana ya fara fizgata nakan ji wannan kira.

Mahaifina bai so abin ba ko kaɗan. Ya ce wasan leburori ne, kuma ɗan da ake so ya riƙe alƙalami ba ya cuɗanya da 'ya'yan mahauta. Ana cikin haka aka sa ni makarantar elemantare, inda kusan dukanmu 'ya'yan masu sarauta ne da na ma'aikatan En'e. Ba a daɗe ba aka kawo wani sabon Bature bariki, ƙaramin jami'i, saurayi ja mai dogon wuya, wanda da gani kaɗaici ya ishe shi. Wata rana ya zo makarantarmu rungume da wani ƙwallo na fata da ba mu taɓa ganin irinsa ba. Ba zagayayye ba ne, dogo ne mai tsini biyu, sai ka ce gwanda. Idan ya faɗi ƙasa shi kansa bai san inda za shi ba, ya yi dama ya yi hagu, mai binsa ya sha kunya. Yanzu ina jin masu rediyo na ce wa wasan zari-ruga. Mu dai ƙwallon gwanda muka sa masa, sunan kuma ya bi shi.

Baturen ya yi mana bayani da Hausarsa ta littafi. Ya ce a ƙasarsu wasan ƙwallo iri biyu ne. Na ƙafa na masu haƙar kwal ne da ma'aikatan masaƙa, wannan kuwa na 'ya'yan manyan gidaje ne, waɗanda ake reno don su riƙe jama'a, shi ya sa ya zaɓe mu. Da maganar ta isa kunnen mahaifina sai ka ce sarauta aka naɗa shi. A ranar ya kafa mini doka, bayan kasuwa ya haramta, filin bariki ya wajaba.

Kakana bai tanka ba sai ranar da na dawo da riga a yage, hula a aljihu. Yana zaune a zaure yana jan carbi, mahaifina na gefensa. Ya sa na kwatanta masa yadda ake yi. Na nuna masa yadda ake rungumar ƙwallon a ruga, da yadda ake kama mutum a ƙugu a kayar, da yadda muke sunkuyawa mu haɗa kai, na baya ya cusa kansa tsakanin cinyoyin na gaba a yi ta turi. Da na gama sai ya juya ga mahaifina.

"Wannan shi ne wasan 'ya'yan manya?"

"Haka Baturen ya ce, Baba."

"To, a nan garin mai kama mutum ya kayar a ƙasa manomi ne a fagen kokawa, bayan an cire doya. Wanda kuma ya rungumi abu ya ruga ana bin sa, ka san sunansa."

Mahaifina ya sunkuyar da kai, amma dokarsa ba ta tashi ba. Kakana duka biyun bai ɗauke su a bakin komai ba, a wurinsa na ƙafa haukan leburori ne, na hannu haukan Turawa. Ni ne dai na yi asara, tunda an raba ni da bayan kasuwa.

Yanzu bari in gaya maka yadda 'ya'yan manyan Lafiya suka yi wasan 'ya'yan manyan Ingila, kuma kada ka yi mana dariya da yawa. A cikinmu akwai babban ɗan hakimi, yaro fari mai sanyin hali, wanda ko makaranta wani baran gidansu ke rako shi riƙe da laima. Wasan nan kuwa ginshiƙinsa kayarwa ne. To wa zai kayar da ɗan hakimi? Da zarar ƙwallo ya shiga hannunsa sai mu dare biyu, wasu har da ɗan rusunawa idan ya zo wucewa. Shi kuma ya taka a hankali, don ba a koya masa gudu ba, ya je ya ajiye ƙwallon a bayan layi, ya waiwayo yana duban mu kamar mai neman wani abu. Ƙarami ba ya kayar da wanda ya girme shi. Ɗan malamin ofis ba ya kayar da ɗan alƙali. Ba a miƙa wa na gaba da kai ƙwallo da hagu, balle a jefa masa, sai dai ka matso ka ba shi da hannu biyu. Ni da wani ɗan malamin duba-gari mu ne na ƙarshe a daraja, saboda haka mu kaɗai kowa ke da ikon kayarwa, kuma mun sha ta. Baturen yakan dafe kai, fuskarsa ta ƙara ja, ya yi ta busa usur yana cewa mu kama, mu kama. Mu ce to, ranka ya daɗe, mu ci gaba yadda muke.

Duk da haka ba zan ce filin ba shi da daɗi ba. Da damina ne, ciyawar da aka sare tana ƙamshi, balbelu na bin shanun Fulani a can gefe, hadari na haɗuwa ta wajen duwatsun arewa yana tahowa ba tare da gaggawa ba. Idan ƙwallon ya jiƙe sai ya yi nauyi ya yi santsi, warinsa ya manne a hannu da gaban riga har gida. Wani lokaci idan aka kayar da ni nakan ƙi tashi da wuri, in kwanta rigingine ina kallon shaho yana shawagi, ina jin muryoyin yara daga bayan kasuwa iska na kawo su guntu-guntu. Kewa ce ke damuna, ban dai san sunanta ba a lokacin.

Abokina da sauran yaran kasuwa sukan zo wani lokaci su hau wani babban suri a gefen fili, ƙarƙashin ɗorawa, su zauna kallo. Su ma suna da nasu ra'ayi a kanmu. A wurinsu ƙwallon gwanda wasan masu laushin ƙafa ne, 'yan bokon da shinkafa ta lalata, waɗanda ba za su iya dukan ƙwallo ya tafi a miƙe ba shi ya sa suke rungumarsa kamar jariri. Idan mun koma gida abokina yakan kwaikwayi tafiyar kowannenmu a tsakar gida har kakata ta riƙe ciki. Amma na lura idonsa ba ya barin ƙwallon. Wata rana ya tambaye ni ko yana da nauyi, na ce ƙwarai, ya ce yana so ya taɓa shi ko sau ɗaya. A can garinsu kokawa ake yi bayan girbi, shi kuma tun yana tatata ake jefa shi fage. Idan da wanda aka haifa don wasan nan, to shi ne, amma mu aka ba.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da rana ya ɗauke, sama ta wanke tas, fili ya yi laushi. Ɗan hakimi ya sake ratsa mu kamar yadda ya saba. Baturen ya jefar da usur ɗinsa a ciyawa don takaici. Ya waiwaya wajen suri, ya hangi abokina yana kokawar wasa da wani yaro ɗan Kwandere, sai ya ɗaga hannu ya yafito shi. Abokina ya sauko yana goge hannu a ɗan wandonsa. Baturen ya mayar wa ɗan hakimi ƙwallo ya ce ya taho, sannan ya nuna wa abokina shi.

"In kayar da shi?" in ji abokina.

"Kayar da shi," in ji Baturen.

Ka gane, a fagen kokawar garinsu idan babban da ke riƙe da fage ya ce a kama, to magana ta ƙare, babu ɗan wane a ciki. A filin nan kuwa Baturen ne babba. Abokina ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin ɗan hakimi, ya rungumi cinyoyinsa, ya ɗaga shi kaɗan ya shimfiɗe a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, a hankali ma, kamar mai sauke tulu. Hula ta yi gefe. Farar riga ta sha jar laka. Filin ya yi tsit har ana jin ɗigar ruwa daga ganyen ɗorawa. Sannan abokina ya yi abin da ake yi a garinsu don girmama wanda aka kayar. Ya miƙa hannu ya tashe shi, ya kakkaɓe masa baya, ya shafa kansa, ya ɗauko hular ya ɗora masa da hannunsa. A wurinsu ladabi ke nan. A wurinmu kuwa, ɗan baƙuwa mai sayar da gishiri ya sa hannu a kan ɗan hakimi a gaban jama'a, wannan ya fi kayarwar muni.

Abin da na gani da idona shi ne ɗan hakimi dariya yake yi. Tun yana kwance yake yinta, idonsa a sama, ƙwallo a ƙirji. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar. Har cewa ya yi a sake. Baturen ya tafa ya ce ai haka ake yi. Amma baran nan mai laima ya riga ya kama hanyar gari, ko laimar bai tsaya rufewa ba.

Labari ya riga mu isa gida, kuma ya yi ƙiba a hanya. An ce an tara yaran kasuwa an sa ɗan mai gishiri ya tumurmusa ɗan hakimi a laka ana tafi, ya dungure masa kai, ya jefar masa da hula. Kafin magariba manzo ya zo zaurenmu, bai zauna ba, bai karɓi ruwa ba. Bayan tafiyarsa gidan ya yi shiru, ko turmi ba a ji. Uwar abokina ta dawo daga kasuwa ta tarar da zancen, ta sauke kwandonta, ta zo ta durƙusa a bakin zaure.

"Baba, yaro bai sani. Bature ne ya ce masa kama. Ka duke shi, ka duke ni, amma kar ka kore mu. Ba mu da wani gida."

Kakana ya ce ta tashi ta shiga ciki. Ni na faɗa kan ƙafafunsa ina kuka, ina rantsuwa cewa ɗan hakimi dariya ya yi. Ya ɗora hannu a kaina ya ce ya yarda da ni, amma ba dariyar yaro ake dubawa ba. Mahaifina ya kawo shawarar a je a gaya wa Baturen, tunda shi ya jawo. Kakana ya girgiza kai. Ya ce kai maganar bariki daidai yake da kai ƙarar hakimi wurin Bature, kuma gidan da ya yi haka ya gama zaman lafiya a garin nan har jikoki.

Washegari da hantsi ya sa babbar rigarsa ta Juma'a alhali ba Juma'a ba ce, ya naɗa rawani, ya sa aka ƙunsa goro a ganye, ya ɗauki sandarsa. Na bi shi daga nesa har ƙofar gidan hakimi. Mutumin nan da ya raina wasannin duka biyu, wanda bai taɓa roƙon kowa komai don kansa ba, na hange shi ta ƙofar zaure ya tuɓe takalmi ya zube, ba zubewar gaisuwa ba, ta roƙo, saboda ɗan mai gishiri. Ya daɗe a ciki har inuwa ta gajarce. Da ya fito tafiyarsa ba ta sauya ba, amma da na dubi fuskarsa ban iya tambayarsa komai ba.

Rabin abin da ya roƙa ya samo. Ba za a taɓa yaron ba, ba za a tashi uwarsa daga kasuwa ba, amma yaron ya bar gari, kada ya riƙa haɗuwa da ɗan hakimi a hanya mutane suna nunawa da baki. Kakana ya faɗa mata haka a tsakar gida. Ya ce ta zauna, ɗakinta nata ne, yaron a kai shi wurin dangin ubansa. Ta yi godiya, ta ce ita ba ta da kowa sai shi, inda ya kwana nan za ta kwana.

Sun tafi da sassafe tare da ayarin masu komawa Keana. Raɓa ta jiƙa ciyawar hanya, kurciyoyi na kuka, hayaƙin girkin safe ya kwanta a kan jinkaye bai tashi ba. Kakata ta cika musu ƙwarya da gari da busasshiyar kuɓewa, tana share ido da bakin zane tana yi wa yaran zamani faɗa. Na raka su har inda gonakin doya suka fara. Ba mu yi wata magana mai nauyi ba, yara ba su iya sallama ba. Ya ce mini abin da ya ba shi haushi shi ne har aka gama bai taɓa ƙwallon ba. Na ce idan ya dawo zan roƙi Baturen ya ba shi. Ya ce to. Na tsaya ina kallon bayansa, ga naɗin tabarma a kansa, har ganyen doya ya rufe shi. Na yi baƙin ciki irin wanda ban san yaro na iya yi ba, kuma har damina ta fita ban iya bi ta bayan rumbun kakata ba.

Wasan gwanda bai daɗe ba bayan haka. An hana ɗan hakimi zuwa fili, sauran iyaye suka janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Baturen ya yi ta tambayar ina yaron nan mai ƙarfi, ana ce masa ya yi tafiya, ranka ya daɗe. Ba na jin ya taɓa sanin abin da ya jawo. Da aka yi masa canji ya tafi da ƙwallonsa, ciyawa ta rufe layukan da ya ja da farar ƙasa. Ni kuwa da na girma na kama aiki, rangadi ya sha kai ni Keana. Na tambayi matan da ke dafa gishiri, wata ta ce sun koma Awe, wata ta ce sun haye kogin Binuwai, wata ta ce yaron ya shiga soja lokacin yaƙi. Kowa da abin da ya ji. Ban sake ganinsa ba.

Ɗan hakimi ya gaji ubansa, ya yi zamaninsa, ya tsufa kamar yadda na tsufa. Gab da rasuwarsa na je duba shi yana jinya. Ya sallami mutanen da ke ɗakin, ya sa na matso kusa, muka yi ta hirar waɗanda suka riga mu. Can sai ya tambaye ni ko na taɓa samun labarin ɗan mai gishiri. Na ce a'a. Ya ce shi ma ya aika nema bayan an naɗa shi, ba a dace ba. Ya dubi rufi, sannan ya ce, "Ka san tunda nake, ranar nan kaɗai na yi wasa."

Yanzu duniya ta juya. Ƙwallon leburori ya cinye gari, alhazai da manyan ma'aikata na barin tuwo ya huce saboda shi. Na gwanda kuwa ban sake ganinsa a Lafiya ba sai a talabijin. Da la'asar nakan sa a fitar mini da kujera ƙofar gida, in kalli yaran unguwa suna buga bal a filin firamaren da ke gabanmu. Ɗan mai acaba, ɗan mai doya, ɗan mai wankin mota, Tibi da Alago da Bahaushe, suna ture juna suna faɗuwa suna tashi, ba mai aika manzo gidan kowa. Da farko na yi murna, na ce to, an wuce wurin. Sai wata rana na ƙare musu kallo ɗaya bayan ɗaya, ina neman jikokin manyan garin nan a cikinsu. Babu ko ɗaya. Suna can Abuja a makarantu masu doguwar katanga, da filinsu daban da irin nasu wasannin. A zamaninmu sai da aka kori yaro daga gari don kada ya sake taɓa ɗan babba. Yanzu an huta da korar kowa, tun farko ba a bari su haɗu.